Kankaren da ba siminti ya tsage tun kwana uku, zafi ne?

Malam, kana tambaya ko zafin haɗi ne ya tsaga kankarenka na garin dattin narkar ƙarfe da ka kwaɓa da kostik soda da silikat (ruwan sinadarin sodium silicate mai kauri). A'a, tsukewa ce. Irin wannan haɗin yawanci bai kai simintin gargajiya fitar da zafi ba, amma ya fi shi tsukewa a kwanakin farko, musamman idan silikat ya yi yawa. Ƙofofin cikinsa sirara ne ƙwarai, yana shan ruwansa yana jan jikinsa, ko da an rufe shi ruf.

Ni ma na taɓa zargin zafi, sai na gane wanda nake ji a bokiti na sodar ne lokacin da take narkewa. Yanzu ina jiƙa ta tun jiya, ta kwana ta huce. Ka rage silikat, ka maye wani kaso na garin da tokar kwal, sannan ka lulluɓe da leda da zarar ka gama shafe fuskar, kada iska ta busar da ita. Sai dai tokar na jinkirta ƙarfi; wanda tokar ta rinjaya kan buƙaci ɗumi na digiri 60 zuwa 80 a ma'aunin Celsius kafin ya ƙanƙare sosai.