Amsa ga mai son buɗe kamfanin kai baƙi yawon daji a Damagaram

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka. Ka ce ka tara ɗan jari, kana so ka sayi kat-kat ka buɗe ƙaramin kamfani na kai baƙi yawon ƙafa cikin daji, irin wanda kake gani a bidiyon ƙasashen Asiya, kana son sanin ko akwai ci a ciki da yadda ake samun ƴan jagora. Na daɗe ina wannan sana'a, tun zamanin da Turawa ke saukowa daga Agadas ta Tanut su kwana Zinder, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Ci akwai, amma kaɗan-kaɗan yake zuwa. Kuma ka dakata da maganar mota. Mota ana haya, a ranar da ake bukata, a mayar wa mai ita da kayansa. Wanda ba a samu haya a tasha shi ne mutumin da ya san daji kuma mutanen dajin suka san shi. Can za ka zuba kuɗinka.

Kurmi mai duhu irin na bidiyo babu shi a ƙasar Damagaram, kar ka yi wa baƙo alkawarinsa. Abin da Allah ya ba mu daban ne, kuma ya isa. Akwai gandun dajin Takeita a hanyar Maradi. Akwai Mirya, kilomita 18 daga gari, da kukokinta da lambunanta da kasuwarta ta Lahadi. Akwai tafkin Gidimuni a hanyar Gure, da dabino da tsuntsayen ruwa. Can gaba akwai duwatsun Kutus, da wurin kiwon jimina a Kelle. Kudu kuwa, tsakanin Matamai da Magarya, mutum zai wuni yana tafiya ƙarƙashin gawo da manoma suka raya da hannunsu a gonakinsu, abin da masana ke tasowa daga ƙasashe su zo gani. Gawo ma abokin sana'armu ne, domin da rani yake fitar da ganye, daidai lokacin da muke neman inuwa. A cikin gari kuma ga Birni da fadar Sarkin Damagaram da ragowar ganuwar Sarki Tanimun, ga Zango da gidajensa masu zane, ga majema. Garin da ya riƙe babban birnin Nijar har 1926 ba ya rasa abin nuna wa baƙo. Ni da Birni nake farawa kullum, in ga ƙafar kowa kafin mu shiga daji.

Termit da Tin Tumma kuwa, waccan babbar tafiya ce. An kafa gandun a 2012, faɗinsa a lokacin wajen murabba'in kilomita 97,000. Ba a zuwa da mota ɗaya, ba a zuwa ba izini da rakiya. Ka cire shi daga lissafinka na farko.

Sai maganar su wa za ka ɗauka. Idan Turawa kake jira, za ka daɗe zaune. Kasuwarsu ta yi ta mutuwa tun da aka sace Faransawa da wasu ma'aikata a Arlit a 2010. Ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum takwas a Kure, kusa da Yamai, wajen raƙuman dawa, Faransawa shida da ƴan ƙasa biyu, direba da ɗan jagora. Duk wanda ke cikin sana'ar nan ya ji wannan rana a jikinsa, domin ɗan jagoran namu ne, abincinsa ya fita nema. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƴan kaɗan da suka rage ma suka janye. Waɗanda ke riƙe da mu yau ƴan gida ne: ɗaliban jami'ar André Salifou da malamansu, makarantu masu fita da yara, ma'aikatan da aka turo daga Yamai ba su san ƙasar ba, ƴan uwanmu na Kano da Daura da Katsina masu zuwa kallon hawan salla su ƙara kwana ɗaya ko biyu, da ƴaƴan Damagaram da ke zaune waje suna son ƴaƴansu su ga tushensu. Ba sa biyan abin da Bature ke biya, amma suna dawowa, kuma suna kawo wasu.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na zauna rubuta maka wannan.

Ɗan jagora ba a ɗaukarsa a gari. A ƙauyen da za ku ratsa ake nemansa, ta hannun mai gari, kuma kowa da ƙasarsa. Mutumin Mirya ba zai ja ka a Kutus ba. Gabas kana bukatar mai jin Barbarci, arewa wajen Tasker sai Tubawa, wajen makiyaya sai Bafillace ko Buzu. Ni mutum biyu nake haɗawa a kowace fita: dattijo, yawanci tsohon mafarauci ko makiyayi, da saurayi mai boko wanda zai yi wa baƙi bayani da Faransanci in ana bukata. Dattijo a gaba, saurayi a baya yana kula da masu jan ƙafa. Da haka ilimin dattijon yake zuba cikin yaron ba tare da an ce masa zauna in koya maka ba.

Akwai wani tsoho da nake aiki da shi a kudancin Mirya. Muna cikin tafiya da ɗalibai da hantsi sai ya tsaya, ya ɗaga sanda, kowa ya yi cirko-cirko. Ya nuna wani ɗan zane a kan rairayi kusa da gindin sabara, wanda ni da na daɗe a daji ban lura da shi ba, ya ce kububuwa ce, kuma ba ta yi nisa ba domin iska ba ta taɓa sawun ba. Ya kewaya da mu ta hagu, bai ɗaga murya ba, bai tsorata kowa ba. Da muka isa rijiya kuma bai bari ko ɗaya ya taɓa guga ba sai da ya je ya gaida masu ita, aka tambayi lafiyar dabbobi, aka ba mu izini. A daji rijiya da mai ita. Baƙon da ya ɗebi ruwa ba sallama, ko ya ɗauki hoton matar mutane ba tambaya, ya rufe maka wannan hanya har abada, kuma ba shi zai ji a jikinsa ba, kai ne.

Irin wannan mutum yaya ake biyansa? Nan ƙananan kamfanoni da yawa suke faɗuwa. Wasu sai su ce masa ai baƙi za su yi maka alheri, su bar shi da ɗan abin da aka miƙa masa a ƙarshen tafiya. Wannan wulaƙanci ne, ka mai da mai ilimi maroƙi. Ku yanke kuɗin wuni tun a gida, a gaban shaida. Ka ba shi rabi kafin a tashi don ya bar cefane, sauran kuma ranar da aka dawo, ko baƙo ya biya ka ko bai biya ba. Abin da baƙo ya ba shi don jin daɗi nasa ne, ba ya shiga lissafinka.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, ka riƙe shi da kyau. A daji maganarsa ce ta ƙarshe. In ya ce yau ba a bin hanyar nan, ba a bi, ko baƙo ya zo daga ina, ko nawa ya biya. Kuma ranar da ya soke tafiya, ka biya shi kuɗinsa cif kamar an je an dawo. Dalili a fili yake: mutumin da ya san in ya faɗi gaskiya iyalinsa za su kwana da yunwa, zai haɗiye abin da ya ji. Shi ne ke zama kasuwar ƙauye, shi ke jin an ga baƙin babura a wuri kaza, ko rikici ya tashi tsakanin manoma da makiyaya a burtali kaza, tun labarin bai iso gari ba. Wannan kunnen nasa kake saye, ba ƙafarsa kaɗai ba. Na sha mayar wa mutane kuɗinsu saboda kalma ɗaya da wani dattijo ya faɗa mini a waya da asuba, kuma ban taɓa tambayarsa hujja ba.

Kada ƙauye ya ga ƙurarku kawai. Ku sayi kaza da nono da itace a wurinsu, a ba matan garin aikin tuwo a biya su, a yi hayar amalanke ko raƙumi na ɗaukar kaya a can. In akwai mata cikin baƙi, ka nemi mace ta raka su, iyaye da mazaje sun fi sakin jiki.

Takardu ba zan daɗe a kansu ba: rajistar kasuwanci da lambar haraji, izinin ma'aikatar yawon buɗe ido, inshora. Kafin kowace fita ka sanar da jandarma da ma'aikatan gandun daji, ka bar musu sunayen mutanenka da hanyar da za ku bi da lokacin dawowa. In da ɗan ƙasar waje a ciki, ka tambayi hukuma ƙa'idar rakiya a wannan makon, domin tana canzawa.

Lokacin aiki gajere ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma ya fi daɗi bayan an saki gonaki. Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, kar ka fitar da kowa. Da damina kuma hatsi ya rufe hanya, ga sauro. Saboda haka abin da ka samu a wata huɗu shi zai ci da kai shekara, ka riƙe wata sana'ar a gefe, kuma ka riƙa leƙa ƴan jagorarka da ɗan hatsi ko goron salla a watannin da babu aiki, don kar kaka ta yi ka tarar sun tafi cin rani Najeriya ko Libiya.

A tafiya ana tashi bayan sallar asuba, a sauka inuwa kafin ƙarfe 11, a ci gaba bayan la'asar. Ɗan birni kilomita 10 zuwa 12 ta ishe shi a wuni. Ruwa aƙalla lita 5 kowane mutum, da ƙari a kan amalanke. Takalmi rufaffe da dogon wando saboda ƙarangiya da kunama, rawani ko gyale saboda ƙurar hunturu. Ka koya wa kowane ɗan jagora haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In maciji ya sari mutum, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure da igiya. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a nufi likita. Tun kafin ku tashi ka san wace likita ce mafi kusa da ke da allurar dafin maciji, ka kuma ajiye mai babur ko mai mota da zai amsa waya ko tsakar dare ne.

Farashi kuwa, ka tara kuɗin ƴan jagora da abinci da ruwa da haya da gaisuwar mai gari, ka ɗora wani abu na ranar da za a soke tafiya, sannan ribarka. Ka karɓi rabi kafin ka sayi ko da buhun ruwa ɗaya.

In ka shirya, kafin ka buga ko takardar talla, ka zaɓi hanya ɗaya tak ta wuni guda kusa da Mirya, ka bi ta da ƙafarka tare da dattijon da mai gari ya ba ka, sannan ka maimaita ta da abokanka kyauta su faɗa maka inda suka gaji da inda suka ji daɗi. In ka kai nan ka yi mini magana, zan haɗa ka da mutanen da na yarda da su a wajen Gidimuni. Allah ya sa albarka a nema.