Sauya bizar iyali zuwa ta aiki a Birtaniya

'Yar'uwa, kin ce kina Birtaniya a ƙarƙashin bizar maigidanki, kin samu aiki, kina tambaya ko sai kin koma gida kafin ki sauya. A'a, daga nan za ki iya nema ta intanet.

Fara da duba ko kamfanin yana cikin jerin masu lasisin ɗaukar baƙi aiki da ke shafin gwamnati. Su za su ba ki Certificate of Sponsorship, wato shaidar cewa sun ɗauke ki aiki, kuma cikin wata 3 da bayar da ita ake amfani da ita wajen neman bizar. Duk wanda ya ce ki saya, ɗan damfara ne.

Ki shigar da takardunki kafin bizarki ta ƙare. Da zarar kin shigar, kada ki yi tafiya zuwa ƙasar waje har sai an ba ki amsa, ko biki ne ya taso a gida. Kina fita, buƙatar ta faɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne lissafin shekarun neman zama na dindindin. Yakan koma farko, kuma zamanki zai rataya a wuyan kamfanin. Idan kin yi nisa a bizar iyali, kafin ki biya ko sisi ki nemi lauyan shige da fice mai rajista ya lissafa miki.