Ku Tambayi Bakanike: Zafin Inji, Girgiza da Shuɗin Hayaƙi

Wasiƙun wannan wata duk daga Kumasi suka zo, kuma kusan kowa an riga an faɗa masa abin da zai saya tun ba a gano cutar ba. Shawararmu ita ce a yi gwaji tukuna. Yawancin gwaje-gwajen nan a ƙofar gida za a yi su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 1996 da nake tasi da ita. Idan na shiga cunkoso a Kejetia ko Anloga Junction sai allurar zafi ta hau kusan ja, da hanya ta buɗe kuma sai ta sauko. Wani bakanike ya ce in kawo ya cire tamostat, ya haɗa fanka kai tsaye. In yarda? Daga mai tasi, Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka yarda, Malam. Bayaninka ma ya nuna inda matsalar take. Idan mota tana gudu, iskar hanya ce ke sanyaya lagireto. Idan ta tsaya a cunkoso, fanka kaɗai ke wannan aiki. Saboda haka daga fanka za ka fara.

Da safe, inji na sanyi, buɗe murfin lagireto ka ga ko ruwa ya kai wuya. Kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi, ruwan yakan yi tsartuwa ya sale fuska da hannu. Duba robar murfin. Aikinta riƙe matsi na kimanin 0.9 a ma'aunin bar, wanda shi ke hana ruwan tafasa sai ya doshi digiri 120. Robar da ta tsage ba ta riƙe komai, kuma murfi na daga cikin kaya mafi araha a jikin mota.

Sai ka tayar da inji, ka kashe esi, ka bar shi a tsaye. Da allura ta ɗan wuce tsakiya ya kamata fanka ta tashi da kanta. In ba ta tashi ba, duba fiyus ɗinta, sannan ka musanya rilenta, wato ɗan suwic ɗin da ke tura mata wuta, da wani irinsa daga cikin akwatin. A wannan Corolla akwai gwaji mai sauƙi: kunna makulli, ka zare soket ɗin suwic ɗin zafi na fanka. Idan ta tashi nan take, fanka da wayoyinta lafiya lau, suwic ɗin ne ya mutu. Idan shiru, ja waya biyu daga batir zuwa motar fankar. Ta ƙi juyawa, ko tana juyawa a kasale, to ita za a canza. Haka kuma ƙurar hunturu da ƙwari suna toshe haƙoran lagireto. A wanke su da tiyo daga ɓangaren inji zuwa waje, ba da ruwa mai ƙarfi ba, don kada su lanƙwashe.

Shi kuwa tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi, gwada shi ake yi. Cire shi, ka sa a tukunya da ruwa, ka ɗora a wuta. Na wannan inji yana fara buɗewa a wajen digiri 82, kafin ruwa ya tafasa ya gama buɗewa. Wanda ya ƙi buɗewa a sa sabo. Barin wurin babu komai yana jawo ɓarna biyu. Inji ba ya kai zafin aikinsa, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu sanyi yake, ta dinga ƙara fetur. Fetur ɗin ya wanke baƙin mai daga bangon silinda, zobban fistin su ci da wuri. Sannan ƙasan tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji. In babu shi, wani ruwan zai yi ta zagaye a ciki ba tare da ya leƙa lagireto ba.

Ka daina zuba ruwan rijiya ko na leda. Su ke kawo tsatsa da ƙanzon da ke toshe bututun lagireto daga ciki. Sayi kulant, wato ruwan sanyaya inji, wanda aka riga aka haɗa, ko ka haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa marar asid. Lita 5 zuwa 6 za su ishe ka. Bayan zubawa, bar murfi a buɗe, inji na aiki, hita a kan zafi, har kumfar iska ta daina fitowa.

Idan kumfa ta ƙi ƙarewa, ko ruwa na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, ko farin hayaƙi na fita a salansa bayan inji ya yi zafi, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, gasket ɗin kan inji ya ƙone. Wannan ya wuce aikin gida. Ka kai kan injin unguwar makanikai ta Suame Magazine a auna shi. A wannan inji lanƙwasar da ta wuce milimita 0.05 sai an goge. Ka tsaya a ɗaure kusoshin da sifana mai awo, daga tsakiya zuwa gefe, ba da ƙarfin damtse ba.

Tambaya: Motata Pontiac Vibe ce ta 2004 daga Amurka. Tana girgiza idan na tsaya, fitilar inji tana kunne, wani lokaci har ƙiftawa take yi, ga shan mai. An ce in canza kwayil huɗu duka. Daga wata Hajiya, Asawase.

Amsa: Hajiya, barka da haƙuri. Kwayil shi ke ba fulogi wuta, kuma da wuya huɗu su mutu rana guda. Injin Toyota ne a cikin Vibe, kuma duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD2, na gano laifin mota, a ƙarƙashin sitiyari. A sa na'urar karatu. Lamba P0301 na nufin silinda ta ɗaya ce ke tsallake wuta, P0302 ta biyu, har zuwa P0304. Ta ɗaya ita ce ta kusa da bel.

A ce P0302 ta fito. Kusa guda ta sifana 10 ce ke riƙe kowane kwayil. A ɗauki na biyu a kai shi gurbin na uku, na uku ya dawo na biyu, a goge lambar, a ɗan zaga gari. Idan ta dawo P0303, laifin ya bi kwayil, guda ɗaya za ki saya. Idan tana nan a P0302, a yi wa fulogi irin wannan musanya, inji na sanyi.

A kuma karanta bakin fulogin. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ke nan. Baƙi busasshe, fetur ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai na shiga. Fari fat, fetur ya yi kaɗan ko iska na satar hanya. In an tarar da mai kwance a ramin fulogi, robar murfin bawul ce ta bushe, kuma man nan shi ke kashe kwayil, don haka a canza ta tare. Idan P0171 ta fito, wato iska ta fi fetur yawa, a fesa wa na'urar awon iska da ke bayan matatar iska maganin wankinta, kada a taɓa siraran wayoyinta da tsumma, sannan a duba gasket ɗin manifol, wato bututun da ke kai iska cikin silinda, don yakan yi yoyo a wannan inji.

Ƙiftawar fitilar nan gargaɗi ne. Ɗanyen fetur ke gangarawa salansa yana ƙone tukunyar tace hayaƙi, wadda kuɗinta ya ninka na kwayil sau da yawa. A rage hawa motar har a gyara.

Tambaya: Opel Astra ɗina tana fitar da shuɗin hayaƙi, kusan kowane mako sai na ƙara lita guda ta baƙin mai. Sauke inji ya zama dole? Daga wani Alhaji, Tafo.

Amsa: Alhaji, a lura da lokacin da hayaƙin ke fita. Idan da tashin farko ne da safe, ko bayan doguwar tsayuwa, sannan ya ɗauke, robobin bawul ne suka taurare, kuma ana canza su ba tare da an taɓa ƙasan inji ba. Idan yana ƙaruwa ne duk lokacin da aka taka totur ko ana hawan tudu, zargi ya koma kan zobba. A duba tiyon numfashin inji ma, toshewarsa tana tura mai inda bai kamata ba.

Awon matsi ne zai raba gardama. Inji da ɗumi, a cire fulogi huɗu da fiyus ɗin famfon fetur, a take totur har ƙasa, a auna kowace silinda. Bambancinsu kada ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Wadda ta yi ƙasa a zuba mata cokalin shayi guda na baƙin mai a sake aunawa. Matsi ya hau sosai, zobba ne. Bai motsa ba, bawul ne ko gasket. Mai kauri irin 20W-50 zai ɗan rage hayaƙin kafin a tara kuɗin aiki, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya ci.

Tambaya: Hyundai Atos ɗina in na murza makulli sai ƙas-ƙas kawai. Kik ne? Daga ɗalibi, Sabon Zongo.

Amsa: Ɗan'uwa, fara da kawunan batir. Cire na baƙar waya tukuna, wanke farin garin da ruwan zafi, kankare su har su yi ƙyalli, ka ɗaure tam, ka bi wayar ƙasa zuwa inda ta kama jikin inji. Sai awo da mita: cikakken batir bolt 12.6 ne, yayin murza makulli kada ya faɗi ƙasa da 9.6, inji na aiki kuma a ga 13.8 zuwa 14.5. In na ƙarshen bai kai ba, alteneta ce ba ta caji ko bel ɗinta ya saki. Idan duk awon ya yi daidai, fitilu ba su dusashe ba, amma ƙas guda kake ji, sa wani ya riƙe makulli, giya a firi, birkin hannu a ja, ka ɗan ƙwanƙwasa jikin kik ɗin da ƙotar guduma. Ya tashi, gawayinsa ne ya cinye, kuma masu aikin waya suna canza gawayin kaɗai.