Amsar tambayarka kan igiyar nan ta Toyota

Wa alaikumus salam ɗana, ya karatu, Allah ya yi jagora. Na ga saƙonka, ka ce a kwas ɗin da kuke yi na tafiyar da ayyukan masana'antu da kamfanoni malaminku ya gaya muku wai a Toyota al'ada ce ko yaron da aka ɗauka aiki jiya in ya ga matsala zai iya jan igiya ya tsayar da layin haɗa motoci gaba ɗaya, kai kuma abin ya ɗaure maka kai, kana tambaya wannan ba raina na gaba ba ne, kuma ba asara ba ce. Toh gyara zama ka ji.

Al'adar nan ba da mota ta faro ba, da saƙa ta faro. Sakichi Toyoda, mahaifin Kiichiro wanda ya kafa kamfanin motar a 1937, injin saƙa yake ƙerawa, a 1924 ya kammala wani inji wanda da zarar zare ɗaya ya tsinke sai ya tsaya da kansa. Da can inji ci gaba yake da saƙa abinsa, sai an naɗe yadi mai yawa kafin a lura duk ya ɓaci. Bayan yaƙin duniya na biyu wani injiniyan Toyota, Taiichi Ohno, ya ɗauki wannan tunanin ya kai shi layin motoci, inda inji ba zai iya gane kuskure ba sai mutum ya gane, toh a ba mutumin ikon tsayawa kenan.

A Amurka kuwa a da akasin haka ne. Tun da Henry Ford ya fara layi mai tafiya a 1913, haɗa mota ya sauko daga sama da awa 12 zuwa kusan awa ɗaya da rabi, sai tsayar da layi ya zama babban laifi, manya kaɗai ke da wannan iko. In ka ga noti bai ɗauru ba sai dai ka kau da kai motar ta wuce, a gyara a ƙarshe. Yanzu kai ka lissafa da kanka, notin da za a ɗaure cikin ɗan lokaci an riga an ɗora masa kujera da kafet da ƙofa, sai an kwance duk wannan kafin a kai gare shi, kuma in injin ɗaure notin ne ya sami matsala ai duk motocin da suka biyo baya haka za su fito. Ka ga inda asarar take.

Sannan inaga malamin naku ya taƙaita muku bayanin. Jan igiyar, wadda suke kira andon, ba ya tsayar da layi nan take. Fitila ce ke kamawa a allo, ƙara ta tashi, shugaban rukunin ya taho da sauri. Layin yana ci gaba da tafiya har motar ta kai wani tsayayyen wuri da aka yi wa alama, in an warware kafin nan, kuma galibi ana warwarewa, shugaban ya kashe fitilar aiki ya ci gaba, in ba a warware ba sannan a tsaya. Wato yaron kiran na gabansa ya yi, bai ƙwace masa mulki ba. Ni a ganina nauyin ma a kan babban yake, domin dole ya zo, ba faɗa ba harara, ya tsaya a bi diddigin abin da ya jawo matsalar har a kai tushe. Ran da ya yi wa yaro tsawa don ya ja igiya, shikenan daga ranar ba wanda zai ƙara ja, igiya ta zama ado. Masana'antu da yawa sun kwaikwayi igiyar da fitilun amma wannan ɓangaren ya gagare su.

Kar kuma wani ya ce maka ai halin Japanawa ne kawai. A 1984 Toyota da General Motors suka haɗa gwiwa suka sake buɗe wata masana'anta a Fremont, jihar Kaliforniya, suka sa mata suna NUMMI. GM ta rufe ta a 1982, ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da motoci marasa inganci. Yawancin tsofaffin ma'aikatan aka dawo da su, aka tura wasu Japan horo, aka rataya musu igiya, ba a daɗe ba motocin wurin suka shiga sahun gaba a inganci cikin duk masana'antun GM.

Tunda kwas ɗin naku har da kamfanonin hidima, a nan abin ya fi wuya, domin mota ana iya ajiye ta gefe a gyara, amma mara lafiya ko fasinja yana cikin aikin tsundum, kuskure a jikinsa yake sauka. A 1977 a tsibirin Tenerife jiragen sama biyu suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Injiniyan ɗaya jirgin ya tambayi kyaftin ko wancan jirgin ya bar titin, kyaftin babban mutum ne gogagge, ya amsa da ƙarfi cewa e ya bari, aka ci gaba da gudu. Wannan hatsarin na cikin dalilan da suka sa aka fara koya wa matuƙa cewa na ƙasa dole ya yi magana ɓaro-ɓaro, na sama kuma dole ya saurara. Haka a ɗakin tiyata, a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar dubawa, kafin a sa wuƙa kowa ya dakata, a tabbatar da sunan mara lafiya da wurin da za a yi aikin, nas ma tana da bakin magana. Banki da otal kam ban ga sun kai nan ba tukuna, yawanci sai kwastoma ya yi ƙorafi sannan a farga.

Lissafin layin jira da na ajiyar kaya ka dage ka iya su, su za su fitar da kai jarabawa. Amma in aka tura ka horon aiki, kafin komai ka nemi sanin hanyar da suka tanada ta kai rahoton matsala, kar ka je ranar farko ka danna maɓallin kashe inji ka ce kawu ne ya ce. Ka sami ƙaramin ma'aikaci ka tambaye shi yaushe rabon da wani a cikinsu ya tsayar da aiki, kuma me oga ya yi masa bayan nan. Abin da ya gaya maka ka rubuto min, ina so in ji.