Tsohuwar laptop ɗina: in ba 'yan gwangwan ko in ajiye?

Tambaya: Salam Malam. Ina da laptop ta kai shekara 10, ta yi nauyi ga batir ya mutu, sai wayoyi uku da suka lalace duk suna durowa. Maigida ya ce in ba 'yan gwangwan a huta. Ya ka gani? Daga wata mai karatu, Hotoro, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kar ki yi saurin bayarwa, ki fara kai ta wajen mai gyara tukuna. Yawancin irin waɗannan ba mutuwa suka yi ba, hard disk ɗin ciki, wato ma'ajiyar bayanai, shi ne ya gaji, in aka sa mata SSD (sabuwar ma'ajiya mai sauri) aka ƙara RAM (ƙwaƙwalwar da take aiki da ita) wallahi sai ki ga ta miƙe kamar ba ita ba. In Windows ta yi mata nauyi a sa Linux Mint, wata manhaja ce da ke maye gurbin Windows, kyauta ce, dama Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025. Batir kuma ko ba a canza ba za ta yi aiki a jone da wuta.

Abin da ya sa na dage, tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, amma har yau akwai yaran da ranar jarabawa ce ranar farko da suka riƙe maus, hannu na rawa lokaci na tafiya, ba don ba su yi karatu ba. Ki duba cikin dangi ko maƙwabta ba za ki rasa irinsu da za ki ba laptop ɗin su koya ba. Sai dai kafin ki bayar a kwashe hotunanki da takardu a goge komai tas.

Wayoyin ki kai Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, ko ba su gyaru ba masu gyara na sayen sikirin da bodi su tada wata wayar da talaka zai iya saye.

Ni ba na zargin 'yan gwangwan, neman halak suke, amma abin da ba ya sayuwa ƙona shi ake yi don a ciro jan ƙarfe, kuma hayaƙin nan baƙi akwai gubar dalma a ciki, ita ce fa ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta hanyar haƙar zinare. A 2022 duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar lantarki, ko kwata ba a sarrafa yadda ya dace ba.

Batirin da ya kumbura kuma ki raba shi da yara da wuta da zafin rana, kar ki huda shi, ki miƙa wa mai gyaran.