Gwaggo, kayan Halowin na neman cinye min kuɗin cefane

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni 'yar Kano ce, shekara shida ke nan muna zaune a Bronx, cikin birnin New York. Ina da 'ya mai shekara 15 da ƙaninta mai 13. Makarantarsu ta shirya liyafar Halowin, an ce kowa ya zo da shigar ban tsoro. Na bi su wani shago, na ɗaga wata baƙar riga sharara kamar ledar shara, na juya takardar kuɗin: dala 45. Biyu dala 90 ke nan. Na mayar da ita na ja su muka fito. Tun ranar yarinyar ba ta ce min komai sai "to" da "a'a". Bara na huda wa farin zanin gado ido biyu na yafa mata, ta dawo da kuka wai an ce shigar 'yan firamare ce. Babansu tasi yake ja da dare, ban ma gaya masa zancen bana ba, ni kaina zuciyata ba ta gama kwanciya da bikin ba. Yaya zan yi?

Maman yara biyu, Bronx

Wa alaikumus salam 'yata. Kin kyauta da kika mayar da rigar nan. Abin da za a sa na awa uku a cusa ƙarƙashin gado bai kai dala 45 ba.

Amma kafin mu ɗauko almakashi, ki zauna da babansu. Halowin ɗin nan, bikin daren 31 ga Oktoba, daga Ailan da Sikotilan ya fito, tsohon bikin ƙarshen kaka ne da ake kira Samhain, daga baya ya haɗe da jajiberin ranar waliyyan Kirista ta 1 ga Nuwamba. 'Yan Ailan da suka kwararo Amurka bayan yunwar da ta fara a 1845 su suka yaɗa shi. Yau yawancin maƙwabtanki alawa da kabewa kawai suka sani a ciki, sai dai malamai da dama na hana shi saboda wannan asali, kuma gidajen Musulmi da yawa ba sa barin 'ya'yansu su je. In kun yanke ba za su je ba, ku gaya musu ku biyu, da dalilinku na gaskiya. Kada ki fake da tsada, 'yar shekara 15 ba ta cin wannan. In kuma kun yarda su je ta makaranta su dawo, to ga sauran magana.

Ke da kika tashi a Kano ai kin san tashe. Daga goma ga azumi yaro zai manna auduga a haɓa, ya cusa tsumma a baya, ya ɗauki sanda, shi ke nan ya zama tsoho da gemu, kwabo bai fita ba. Ban ce bukukuwan ɗaya ba ne, ina dai tuna miki cewa wannan aiki hannunki ya san shi.

Kuskuren bara ba a zanin gado yake ba. Ke kika zaɓa, ke kika yi, kika yafa mata kamar jaririya. Bana ki ajiye mata dala 10 a hannu ki ce ita ce mai ɗinki, ke 'yar aike ce.

Ki ba ta shawarar shigar jemage. Ku nemo baƙar lema wadda iska ta karya, irin da ake zubarwa a bakin titi bayan ruwan sama. A kwance ƙarafunan, a raba yadin gida biyu daga tsakiya. Kowane rabi a ɗinke shi ko a kama da fil daga wuyan hannun baƙar riga mai hula har zuwa ƙugu. Tana ɗaga hannu fuka-fuki za su buɗe da tsinin nan nasu, kamar saye aka yi. Kunnuwa kuwa baƙin kwali ne a ɗinke a kan hular, sai kwallinki na gida a zagaye ido. Shigar ta rufe jiki ruf, ta shiga da ɗankwalinta, kuma ta tare sanyin ƙarshen Oktoba.

Zanin gadon bara kada ki jefar, rabon ƙaninta ne. A yayyaga shi da hannu, faɗin yatsa huɗu, kada a sa almakashi don bakin ya yi zare-zare. A jiƙa a ruwan shayi mai kauri, ganye biyar ko shida, na kamar awa ɗaya, a shanya. Zai fito ruwan ƙasa-ƙasa kamar ya shekara dubu a kabarin Fir'auna. A naɗa a kan farar riga da wando daban-daban, ana kamawa da zare da allura, don kada yaro ya matsu da fitsari ya rasa ta inda zai fara. In yana son jini, zobo mai kauri da ɗan garin koko na cakulan ya isa, amma tsakar banɗaki za a yi, ba kan kafet ɗin mai gidan haya ba.

Abu biyu ban yarda da su ba. Gilashin nan mai launi da ake mannawa a ƙwayar ido, in ta roƙa ki ce a'a: a Amurka doka ta hana sayar da shi ba da takardar likitan ido ba, don yana iya ƙuje ido ya kawo ciwo. Sai wuta: auduga da tsumma mai reto suna kamawa nan take, mutane kuma na kunna kyandir cikin kabewa a bakin ƙofa, ki ja wa ƙanin nata kunne. Ki kuma duba takardar makaranta, da yawa ba sa yarda da abin rufe fuska ko makamin wasa.

Yau da dare ki ajiye lemar da dala goman a kan gadonta, kada ki ce komai, ki koma kicin abinki.