Shafin Hajiya a waya za a buɗe shi

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na dawo maka da shafin intanet ɗin da ka yi wa Hajiya mai atamfa a kasuwar Kejetia ta Kumasi, alhali a kwamfutarka ya yi kyau. Ya yi kyau ɗin, ban musa ba. Amma ɗana, wa zai buɗe shi a kwamfuta? Mai sayen atamfar nan tana cikin tirotiro daga Aboabo zuwa Adum, hannu ɗaya da jaka, ɗaya da Tecno ko Itel, babban yatsa kaɗai ke aiki, datar ma ta ƴan sidi ce. Ita kake yi wa aiki. Google kansa tun 2015 ya fara fifita shafukan da suka dace da waya, yanzu kuwa yadda shafi yake a waya shi yake dubawa kafin ya ba shi matsayi.

Don haka kafin ka rubuta komai, matse tagar burauza, manhajar buɗe shafuka, zuwa faɗin fiksel 360, wato ɗigogin da ake auna allo da su. Jera kayan a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, sannan ka riƙa buɗawa don manyan allo. Wanda ya iya shirya kaya a kiyos, babban shago ba zai gagare shi ba. Kuma na ga ka manta layin nan na saman shafi da ke gaya wa burauza ta bi faɗin wayar. Idan babu shi, waya na ɗaukar shafin a matsayin mai faɗin fiksel 980 ta ƙanƙance shi, shi ya sa rubutunka sai an ware yatsu biyu ake karanta shi.

Babban laifin dai hotuna ne. Yadda Hajiya ta ɗauka haka ka ɗora, kowanne kusan megabait 4, guda 20 a shafin farko. Lissafa da kanka. Mai sayen nan za ta ga farin allo, ta ga datarta na zuba, ta fita, ba kuma za ta dawo ba. Rage faɗin kowanne zuwa fiksel 800, mayar da shi WebP, tsarin hoto mara nauyi, ka nemi ya sauko kusa da kilobait 100. Sai dai ka lura, atamfa zane da launi ake saya. In ka matse har ƙananan furannin suka dagule, ko ja ya koma ruwan goro, ka ɓata ciniki. Bar ƙarami a jeri, wanda ya taɓa shi sai babba ya buɗe masa. Na ƙasa kada su sauko sai an gangara wurinsu. Rubuta wa kowane hoto faɗi da tsayinsa, in ba haka ba shafi zai riƙa tsalle, mutum ya kai yatsa kan leshi ya danna shadda. Hotunan nan masu zagayawa da kansu a sama kuwa, cire su gaba ɗaya.

Rubutu kada ya gaza fiksel 16, maɓalli 48, da tazara tsakaninsu. Na WhatsApp ya zauna a ƙasan allo inda yatsa ke kaiwa, lambar ta fara da 233 ta Ghana ba tare da sifirin farko ba, saƙon ya fito da sunan atamfar a rubuce. Lambar MoMo, ta biyan kuɗi ta waya, kada ka saka ta cikin hoto, a rubuce za ka sa ta yadda za a kwafa, tare da sunan da zai bayyana wajen biya, don mutane sun sha wuyar ƴan damfara. Fom ɗin da ke neman imel da adireshi, share shi. Suna da lambar waya sun isa. Sa adireshin shagon na GhanaPost GPS, wato lambar nan ta taswira, amma ka ƙara da kwatance irin namu, ƙofa kaza, layi kaza, don Kejetia ba a shiga da lamba kaɗai.

In ka gama, gwada a PageSpeed Insights, ma'aunin saurin shafi na Google, babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Sannan ɗauki tsohuwar Itel ɗin da ke cikin durowa, kashe waifai ɗin shago, fita tsakar rana ka buɗe, ka ga ko rubutun nan ruwan toka da kake so zai karantu. Buɗe shi kuma ta cikin Facebook, don burauzarsu daban take.

Hajiya za ta ce a sa mata kiɗa da bidiyo mai tashi da kansa. Kada ka yi musu da ita, kada kuma ka je mata da kwamfuta. Tura mata ta WhatsApp ta buɗe da datarta, sai ka kira ni.